Foklif: Injin Da Ya Sauƙaƙa Dako, Amma Ba Ya Yafe Ganganci

Da misalin ƙarfe 7 na safe, tun rana ba ta yi zafi ba, harabar manyan sitoci a unguwannin masana'antu na Kano, irin su Sharaɗa da Bompai da Challawa, ta riga ta cika da jama'a. Tireloli sun jeru suna jiran lodi. 'Yan dako na naɗa gammo, masu ƙirgar kaya na zagayawa da takardu a hannu, yaran mota na kwance tamfol, mai abinci kuma ta sauke robobinta a bakin ƙofa.

A tsakiyar wannan cunkoso wani ɗan gajeren inji ke kai da kawo. Ya zura yatsunsa biyu na ƙarfe ƙarƙashin katakon da aka jibga wa buhuna, ya ɗaga su gaba ɗaya, ya ja da baya, ya juya, ya nufi tirela. Lodin da majiya ƙarfi da yawa za su yi gumi a kansa, shi kaɗai yake kwashewa cikin 'yan mintoci.

Wannan shi ne foklif. Mutanen wurin sun saba da shi har sun daina jin tsoronsa. Wani ya bi ta ƙarƙashin kayan da aka ɗaga don ya yanke hanya, wani ya ɗare gefensa a rage masa tafiya, wani kuma ya tsaya a bayansa yana amsa waya. In aka tambayi matuƙin inda ya koyi aikin, amsar da aka fi samu ita ce a nan ya koya, wajen wanda ya riga shi.

A nan matsalar take. Injin yana ƙara yawa a wuraren aikinmu, amma ilimin sarrafa shi bai biyo shi da irin wannan saurin ba. Shi kuwa inji ne da ke da wata ɗabi'a da ido ba ya gani, sai an zaunar da mutum an koya masa.

Daga Amurka zuwa sitocin Arewa

Asalin injin daga masana'antun Amurka ne. A shekarar 1917 ma'aikatan kamfanin Clark suka ƙera wata 'yar mota don jigilar kaya a cikin masana'antarsu, baƙin da suka gan ta suka nemi a ƙera musu irinta. A farkon shekarun 1920 kamfanoni irin su Yale suka fito da masu yatsun da ke ɗaga kaya sama.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yaɗa shi. Rundunonin soja na bukatar loda jiragen ruwa cikin gaggawa, ga kuma ƙarancin ma'aikata, sai aka rungumi dabarar jera kaya a kan falet, wato katakon da inji ke zura wa yatsu. Kamfanin Toyota na Japan ya shiga sana'ar a 1956, yau kuma yana sahun gaba a duniya.

A Najeriya an daɗe da sanin foklif a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da kuma manyan kamfanoni. Abin da ya sauya shi ne yadda ya bazu. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a watan Janairun 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a Janairun 2023, ta Funtuwa kuma ta biyo baya. Masana'antun casar shinkafa sun ƙaru, haka ma na haɗa taki da na robobi da na kayan sha, kowacce da sitonta.

Foklif ɗin da ke aiki a waɗannan wurare daga waje ake shigo da su, da yawa kuma 'yan tokumbo ne da suka riga suka sha aiki a wata ƙasa. Wasu kamfanonin ma haya suke ɗaukowa na kwana ɗaya ko biyu, a sauke kwantena a mayar. Inji ya zo, amma littafin bayaninsa ya ɓace a hanya, ko kuma ya zo da rubutun da babu mai iya karantawa a wurin.

Ba mota ba ne

Kuskuren farko shi ne ɗaukar foklif a matsayin ƙaramar mota. Yana da sitiyari da birki da totur, sai a ga kamar duk direba zai iya. Amma ƙirarsa daban take ta fuskoki da dama.

Na farko, nauyi. Foklif da aka ƙera don ɗaukar kilo 2,500 shi kansa yakan kai kusan tan 4, domin akwai ƙaton dunƙulen ƙarfe a bayansa da ke riƙe shi kada kaya su rinjaye shi. Ke nan in ya ɗauki kaya, sama da tan 6 ne ke tafiya a tsakiyar mutane. Ko a hankali yake tafiya, ƙafar da ya taka ta murƙushe.

Na biyu, da tayoyin baya yake juyawa. Idan matuƙi ya karya kwana, bayan injin ne ke lilo zuwa waje da sauri. Mutumin da ke tsaye a gefe yana ganin gaba ya wuce shi, yana jin ya tsira, sai baya ya matse shi da bango ko da tirela.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, tayoyinsa huɗu ne amma a kan maki uku yake tsaye: tayoyin gaba biyu, da wata mahaɗa guda a tsakiyar ƙarfen tayoyin baya. Kamar tukunya yake a kan duwatsun murhu uku. Muddin nauyi na tsakanin duwatsun, tukunya na zaune daram. Da ya karkata waje, ta kife.

Ɗaukar kaya na tura cibiyar nauyin zuwa gaba. Ɗaga su sama na mayar da ita sama, inda ɗan girgiza kaɗan ya isa ya fitar da ita daga iyaka. Shi ya sa tafiya da kaya a sama, ko juyawa da gudu, ko taka rami da taya ɗaya, ke kifar da inji cikin ƙiftawar ido. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, foklif da ba ya ɗauke da komai ya fi saurin kifewa gefe a kwana fiye da wanda ke ɗauke da kaya a ƙasa-ƙasa. Lokacin da matuƙi ya sauke lodi ya ji ya sami damar gudu, lokacin ne haɗarin ya fi kusa.

Akwai kuma ɗan allon ƙarfe da ke manne kusa da kujera, wanda ke nuna iyakar nauyin da injin zai ɗauka. Wannan adadi yana da sharaɗi. In an rubuta kilo 2,500, galibi ana nufin in tsakiyar kayan ba ta wuce santimita 50 ko 60 daga gindin yatsu ba. Idan kayan dogaye ne, tsakiyarsu ta kai mita guda, ƙarfin injin na raguwa da kusan sulusi ko fiye. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki kayan da ba su kai adadin da ke kan allo ba, amma ya ga tayoyin baya sun tashi sama.

Yadda haɗarin ke faruwa

Ƙasashen da ke rubuta kowane haɗari sun nuna inda masifar ta fi fitowa. A Amurka, duk da tsauraran dokokinta, mutum kusan 70 zuwa 80 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin foklif, dubbai kuma na jikkata. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar, NIOSH, ta taɓa nazarin mace-mace sama da 1,000 da suka auku tsakanin 1980 da 1994. Kifewar inji ce ta zo kan gaba da fiye da kashi 20 cikin 100, sai banke masu tafiya a ƙasa da kusan wannan adadi, sannan matsewa da faɗowa daga kan inji. A Birtaniya kuwa, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta HSE ta ce kusan rubu'in haɗurran ababen hawa a wuraren aiki da hannun foklif a ciki.

A kifewa, abin da ke kashe matuƙi yawanci yunƙurin tsira ne. Da ya ji inji ya karkata sai ya yi tsalle ta ɓangaren da yake faɗuwa, rumfar ƙarfen da aka yi don kare kansa ta biyo shi ta danne. Abin da ake koyarwa ya saɓa wa abin da jiki ke so a irin wannan lokaci: a zauna a ciki da bel a ɗaure, a riƙe sitiyari gam, a dafe ƙafafu, a karkata jiki zuwa ɗaya ɓangaren. Mutum ba ya gano wannan da kansa, kuma ba a samun damar gwadawa sau biyu.

Sai ɗaga mutum a kan yatsu ko kan falet don ya canja ƙwan lantarki ko ya gyara jerin kaya. Babu tsani a kusa, ga inji a tsaye, sai a ce a ɗan ɗaga shi. Motsi kaɗan na hannun matuƙi ya isa ya jefo mutum daga tsayin mita 3 ko 4 zuwa kan siminti.

Bakin wurin lodi ma tarko ne. Foklif na shiga cikin tirela ko kwantena, in ba a sa weji a tayoyin tirelar ba tana iya matsawa kaɗan-kaɗan har rata ta buɗe. Wani lokaci direban tirela ne ke ja, yana zaton an gama.

Akwai kuma haɗarin da ba ya ƙara. Injin da ke aiki da gas ko fetur ko dizal na fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari. A rufaffen sito ko ɗakin sanyi tana taruwa, ma'aikata su fara ciwon kai da jiri, a ce zafi ne ko yunwa. Mai batir kuma yana fitar da iskar da ke kama wuta yayin caji, don haka sigari ko tartsatsi a kusa da shi ganganci ne.

Yanayinmu na ƙara wa lamarin nauyi. Zafin bazara na wuce maki 40, gajiya ta rage natsuwa. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska ta kuma dushe gani. Da damina daɓe na santsi. Wuta na ɗaukewa sito ya yi duhu ana tsakiyar aiki. Harabobi da yawa kuma ba shimfiɗaɗɗu ba ne, cike suke da ramuka da tudu.

Koyon gani

Sana'o'inmu da yawa a kan koyon gani suka ginu. Yaron mota ya zama direba, yaron gareji ya zama makanike, kuma wannan hanya ta ciyar da gidaje ba adadi. Haka abin yake tafiya a sito: matashi mai ƙwazo na wanke inji, yana duba mai, ran da oga ya tafi salla ko cin abinci ya ɗan matsar da shi, a kwana a tashi ya zama matuƙi.

Abin da ake samu ta wannan hanya shi ne hannu: yadda ake ɗagawa da saukewa da shiga lungu. Abin da ba a samu shi ne dalili. Ba a ganin cibiyar nauyi da ido, ba a ganin lissafin da ke kan allo, ba a ganin abin da za a yi ran da inji ya karkata. Ƙari a kan haka, yaro na gadon kurakuran ogansa tare da gwanintarsa. In oga ba ya ɗaura bel, shi ma ba zai ɗaura ba.

Lasisin tuƙin mota ma bai wadatar ba. An yi shi ne don titi, inda ake juyawa da tayoyin gaba, kaya kuma na bayan direba. A foklif kaya na gaban idonsa suna tare masa hanya.

Shekarun aiki su kaɗai ba hujja ba ne. Mutum na iya shafe shekara 10 yana aikata kuskure ɗaya bai gamu da komai ba, domin ranar da kuskuren zai haɗu da rami da gudu da mai wucewa ba ta zo ba tukuna.

Yadda horo na gaskiya yake

Ƙasashen da suka daɗe da wannan inji sun bambanta a tsari, amma sun haɗu a manufa. A Amurka, ƙa'idar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta OSHA ta fitar a ƙarshen 1998 ta wajabta abu uku: darasi a aji, gwaji a kan inji ƙarƙashin kulawar ƙwararre, da jarrabawa a ainihin wurin da mutum zai yi aiki. Ana sake auna kowane matuƙi aƙalla sau ɗaya a shekara 3. Ana kuma mayar da shi horo in ya yi haɗari, ko ya kusa yi, ko an gan shi yana ganganci, ko an sauya masa nau'in inji. Wanda bai kai shekara 18 ba, doka ta hana shi wannan aiki a masana'antu da sitoci. Hukumar ta kuma nace cewa a yi horon da harshen da ma'aikaci ke fahimta.

A Birtaniya mataki uku ne: horon tushe, wanda ga sabon shiga yakan ɗauki kwana 3 zuwa 5, horo a kan irin injin da irin kayan da zai riƙa ɗauka, sai zagayawa da shi wurin aiki ƙarƙashin kulawa har ya san kowace kwana da kowace gangara. A Faransa akwai shaidar da ake kira CACES, wadda ake sabuntawa bayan shekara 5, kuma mai kamfani ne ke bai wa matuƙi rubutaccen izini bayan an duba lafiyarsa.

A duka ukun, nauyin yana wuyan wanda ya ɗauki ma'aikaci. Ba ya isa ya ce ai ya zo da takarda, ko ai ya ce ya iya.

Wanda ya sami irin wannan horo ana gane shi tun kafin ya tayar da inji. Yakan zagaya shi ya duba tayoyi, da tsagewa a jikin yatsu, da sarƙa, da ɗigon man haidirolik, sannan ya gwada birki da hon da fitilu. In ya ga matsala ya ajiye inji ya kai rahoto. Ya san yatsun da gindinsu ya cinye da kashi 10 cikin 100 na kaurinsa sun tashi daga aiki, kuma ba a kai su wajen mai walda a yi musu faci.

A tafiya, yatsunsa na ƙasa, kamar santimita 15 daga daɓe, kaya sun jingina baya. Ba ya ɗagawa yana tafe, ba ya juyawa da kaya a sama. In kaya sun tare masa gani ya tafi da baya yana waiwaye, ko ya nemi ɗan jagora. A kan gangara kaya kullum na fuskantar tudu: ya hau da gaba, ya sauko da baya, kuma ba ya juyawa a tsakiyarta. Yana danna hon a kowace kwana da ƙofa. Ba ya ɗaukar fasinja, ba ya barin kowa ya bi ta ƙarƙashin yatsu. In zai sauka ya ajiye yatsu a ƙasa, ya ja birkin hannu, ya kashe, ya zare makulli ya tafi da shi.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Najeriya ba ta rasa doka a kan wannan ba. Dokar Masana'antu, wadda ta samo asali daga 1987 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta hana a sa mutum aiki a kan injin da zai iya jikkata shi sai an bayyana masa haɗarinsa, an ba shi isasshen horo ko kuma yana ƙarƙashin kulawar wanda ya san injin sosai. Ta kuma wajabta kai rahoton haɗarin da ya yi kisa ko ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana 3.

A 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan na'urorin ɗaga kaya, waɗanda suka shafi binciken lafiyar injuna lokaci-lokaci da cancantar masu sarrafa su.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Ba a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci, kuma dokar ta haɗa har da na wucin gadi. Ga kuma asusun horar da ma'aikata na ITF, da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, wanda ke mayar wa kamfani har zuwa rabin abin da ya zuba in ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida.

A matakin duniya, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 kan lafiyar ma'aikata a 1994, da mai lamba 187 a 2022. Giɓin da ake da shi yana tsakanin abin da aka rubuta da abin da ke faruwa a cikin sito.

Kowa da hujjarsa

Masu kamfanoni, musamman ƙanana da matsakaita, na kukan tsadar dizal da kayan gyara da ake saye da dala. A ganinsu tura matuƙi horo na kwanaki biyar kashe kuɗi ne biyu, ga kuɗin horo ga tsayawar aiki. Suna kuma tsoron a horar da mutum ya sami takarda ya koma inda za a fi biyansa.

Wannan kuka gaskiya ne, amma lissafin bai cika ba. Falet guda na kaya da ya zube, ko ginshiƙin ɗagawa da ya lanƙwashe, ko kantar ajiya da aka banke ta rushe da abin da ke kanta, kowanne na iya cin kuɗin horar da duk matuƙan kamfanin. Wanda aka horar kuma ya fi tattalin taya da kuloci da birki. Araha dai ba ta ado.

Matuƙa nasu ƙorafin a kan matsi ne. Tireloli na layi, kowane direba na son a sallame shi, mai kula da aiki na ɗaga murya a yi sauri. Wanda ya tsaya duba inji minti 10 sai a ga yana ɓata lokaci. Wanda ya ce birki ba shi da kyau sai a ce ya lallaɓa zuwa ƙarshen mako. Ma'aikacin wucin gadi kuwa ya san in ya ƙi, gobe wani ne a kan kujerar. Horo ba ya amfani in mai kula da aiki bai san ƙa'idar ba, ko ya sani yana take ta.

'Yan dako da masu ƙirga da masu shara su ne suka fi zama cikin haɗari, kuma su ne ba a tunawa da su in ana maganar horo. Ba sa taɓa sitiyari, amma a fili ɗaya suke aiki da injin. Da yawansu ba wanda ya taɓa gaya musu cewa matuƙi ba ya ganinsu in kaya sun tare shi, ko cewa bayan inji ya fi gabansa saurin duka.

Jami'an duba masana'antu kuma ba su da yawa in aka kwatanta da wuraren aikin da ke ƙasar, sitocin 'yan kasuwa da dama ma ba sa cikin rajista. Haka nan sau da yawa ana sasanta haɗari tsakanin maigida da dangi, a biya kuɗin asibiti ko na ta'aziyya, maganar ta mutu a nan. Ba a rubuta ba, ba a binciki musabbabi ba, wani wurin bai ɗauki darasi ba.

Wanda ke ɗaukar asarar

Masu wannan aiki galibi matasa ne da magidanta da ke cikin ƙarfinsu. Jikinsu shi ne jarinsu. Ɗan dakon da aka murƙushe wa ƙafa ya rasa sana'arsa gaba ɗaya, yara su bar makaranta, uwargida ta shiga sayar da 'yan kayan ɗakinta don sayen magani. Matuƙin da ya taka abokin aikinsa kuma yana ɗauke da abin a zuciyarsa har ƙarshen rayuwa, ko da kuskuren na wanda ya miƙa masa makulli ne ba tare da koyarwa ba.

In irin wannan ta faru mukan ce ƙaddara ce. Mumini ba ya jayayya da ƙaddara, amma malamanmu sun sha bayyana cewa dogaro ga Allah tare yake tafiya da riƙo da sababi. Wanda ya san birki ya lalace ya ce a ci gaba da aiki, ko ya ɗora wanda bai iya ba a kan inji mai nauyin tan 4, sakaci ya yi da amanar da ke wuyansa.

Abin da za a iya farawa yanzu

Yawancin gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Galan ɗin fenti ya isa a shata hanyar mutane daban da ta inji, a kuma ware ƙofar shigar jama'a. Madubi a kwanar da ba a ganin mai tahowa, fitila a lungu, cike ramuka, weji a tayoyin tirela, da karɓe makullin direbanta har a gama lodi, duk abubuwa ne da mai sito zai iya yi cikin mako guda. Makullin foklif ya zauna a hannun mutanen da aka rubuta sunayensu kaɗai. Masu talla da yara su tsaya a wajen harabar lodi.

Horon kansa a yi shi da Hausa inda Hausa ce harshen ma'aikata, da zane da gwaji a zahiri, a fassara abin da ke kan allon nauyi a manna inda matuƙi zai gani. Tsofaffin matuƙa su ma a haɗa da su, domin su ne malaman na baya. In an gyara musu, an gyara wa duk wanda zai koya a hannunsu. Ƙananan kamfanonin da ke unguwa ɗaya na iya haɗa kuɗi su ɗauko mai koyarwa guda. Masu ba da hayar inji su daina sakin sa sai tare da matuƙin da aka tantance. Kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a na jihohi su sa wannan cikin darussansu, tunda sana'a ce da ake nema a tashoshin kaya da masana'antu a ciki da wajen ƙasa.

Ma'aikatar Ƙwadago ta kai bincikenta har sitocin da ba ta saba shiga ba, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ƙwadago kuma su wayar da kan mambobinsu game da haƙƙin diyya. Ga mai kamfani da mai sito, kiran a taƙaice yake: kada ka miƙa makullin foklif ga wanda ba a horar ba, kada ka tilasta wa wanda aka horar ya karya ƙa'ida don sauri. Kai kuma matuƙi, ɗaura bel ɗinka, sauke yatsunka ƙasa, ka duba bayanka kafin ka motsa. Rigakafi ya fi magani, kuma ran ma'aikaci ya fi duk kayan da ke cikin sito daraja.